Yadda Ake Ba Kwamfuta Adireshi Na Dindindin

Kowace kwamfuta da ke cikin hanyar sadarwa tana da adireshi, wato lambobi huɗu da ɗigo ya raba, kowacce daga 0 zuwa 255. Galibi rauta ce ke ba ta aronsa ta tsarin DHCP, wanda ya fito a 1993, kuma adireshin aro yakan canja. Ta haka ne kwamfutar da ke ajiye hotunan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwajinmu ta taɓa ɓace mana ana gobe jarrabawa.

Maganin shi ne mai karatu ya shiga saitin sadarwa, ya zaɓi cikawa da hannu. Idan rautar tana kan 192.168.1.1, sai ya ba kwamfutar 192.168.1.20, misali. A akwatin iyakar unguwa ya rubuta 255.255.255.0, ma'ana lambobi ukun farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe kuwa lambar gida. Akwatin ƙofar fita adireshin rautar yake ɗauka, haka ma na DNS sau da yawa.

Sai dai a kula: a wannan unguwa 0 da 255 keɓaɓɓu ne. Kuma lallai lambar ta kasance wajen jerin da rauta ke rabawa, domin idan na'urori biyu suka yi tarayya a adireshi ɗaya, saƙon kowacce sai ya riƙa yankewa.