Darasin Juma'a: Jinkirta Bashi da Yafe Shi

A 2005 manyan ƙasashen duniya suka amince a yafe wa ƙasashe 18 bashin Bankin Duniya da IMF, har da Nijar da Ghana. Najeriya ba ta ciki. Nata cinikin daban ta yi da ƙungiyar Paris Club zamanin Obasanjo: aka yafe dala biliyan 18, ta biya kimanin biliyan 12. Aka yi alkawarin rarar za ta tafi asibiti, makaranta da ruwan sha. Mutanenmu na Gashuwa da ke fama da ciwon ƙoda suna da haƙƙin tambayar ina ta shiga.

To, mu ma fa muna bin wasu bashi a gida. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarce mu da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi. Manomin shinkafa a Nguru da ciyawar kacala ta toshe masa hanyar ruwa, ko ambaliya ta cinye gonarsa, ba mai taurin bashi ba ne. Kafin mu aika a karɓo, mu tambayi yadda damina ta kasance. Wanda ya yafe kuma, ya kira shaidu a soke takardar, kada gobe magada su tayar da maganar.