Darasi Kan Neman Jari a Madawa, Buza da Keita: Wace Yarjejeniya Muke Sa wa Hannu?



Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya wadda ba ta ƙarewa a ƙofar masallaci bayan an sallame salla: mutum yana da sana'a, ba shi da jari, ina zai dosa? Mai garkar albasa a fadamar Tarka yana bukatar kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa tun watanni kafin ya ga dala ɗaya. Mace mai ƙuli-ƙuli a Karofane tana son buhun gyaɗa a hannu. Saurayi a Tamaske ko Ibohamane yana cewa da zai sami abin kafa tebur, da bai tafi ci-rani Abijan ko Libiya ba. Kowannensu yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma kowace ƙofa da irin yarjejeniyarta. Abin da muke so mu koya shi ne gane yarjejeniyar kafin a dangwala yatsa, domin kuɗi iri ɗaya ne, ƙullin da aka karɓe su da shi ne ke halatta su ko ya haramta su.

Dattawanmu sun san yadda aka zo nan. Asusun bashin manoma na ƙasa, CNCA, ya rufe a ƙarshen shekarun 1980, bankin BDRN kuma ya bi bayansa a 1990. Ƙauye ya wayi gari ba shi da banki. A lokacin ƙasa tana farfaɗowa: an fara dashen layukan dogon-yaro masu tare iska a Majiya tun 1975, furojen Keita ya soma a 1984, a shekarun 1990 kuma furojen fadamar Tarka ya yaɗa rijiyoyin tiyo da injinan ban-ruwa bisa bashi. Amma gona ko ta gyaru ba ta noma kanta. A wannan giɓi ne asusan ajiya da bashi suka tsiro, gwamnati ta yi musu doka a 1996, ta kafa musu hukumar sa-ido, ARSM, a 2007. Daga ayyukan wannan fadama aka sami asusun Yarda Tarka-Majiya a Madawa.

Mu fara da ƙofar da ta fi kusa da gida, wato adashi. Mutum goma suna zuba jika biyar-biyar ranar kasuwa, ɗaya ya kwashi jika hamsin, har zagaye ya cika. Kowa abin da ya zuba shi yake ɗauka, babu ƙari babu ragi, shi ya sa mafi yawan malamai suka halatta shi. Aibinsa ɗaya ne: kwasarka tana zuwa ranar da layi ya kawo ka, ba ranar da taki ya yi araha ba.

Don gyara wannan aibi aka ƙirƙiro tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991. Mata suna haɗuwa mako-mako, suna zubi cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wadda ke da bukata ta ranta, idan zango ya cika a raba abin da ya taru. Wannan dabara ta ƙasarmu ta bazu har ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, kuma lalle ta koya wa iyayenmu mata lissafi da riƙon amana da magana a cikin taro. Ba mu raina ta ba. Sai dai akwai wuri guda da ya wajaba mu faɗi gaskiya. A ƙungiyoyi da yawa, wadda ta ranci jika goma tana mayar da sha ɗaya bayan wata guda, kuma da wannan sharaɗi aka ba ta. Ana cewa ai ƙarin cikin akwatinmu yake komawa, mu ne za mu raba. To, amma wa ya biya, wa ya ci? Wadda ta fi talauci ita ta fi yawan ranta, wadda ta fi zubi ita ta fi samun rabo. Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka tafi a kai ita ce duk rancen da aka sharɗanta wa mai bayarwa amfani a cikinsa riba ce, kuma kasancewar masu cin ribar maƙwabta ne ba ya canza sunanta.

A nan mu lura da wata matsala ta harshenmu. Da Hausa muna kiran amfanin ciniki riba, muna kuma kiran haramtaccen ƙarin bashi riba. Wannan ya rikita mutane da yawa, har wani ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙarshen Suratul Baƙara ya raba su sarai, ya halatta ciniki ya haramta ɗayar. Don haka a sauran darasin za mu kira haramtacciyar da sunan da kowa ya sani, kuɗin ruwa.

Gyaran akwatin mata ba shi da wuya. Ƙungiya ta sayi buhun gyaɗa ko garwar mai da kuɗin akwati, kayan su shigo hannunta, sannan ta sayar wa 'yar ƙungiya bashi a kan farashi sananne zuwa lokaci sananne. Amfanin da aka samu na ciniki ne, domin da buhun ya jiƙe kafin a sayar, ƙungiya ce ta yi hasara. In kuwa rancen asibiti ne ko na haihuwa, a ba da shi a karɓi daidai abin da aka bayar.

Ƙofa ta gaba ita ce ta mai kuɗin gari, kuma nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan aka fi cutuwa. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, manomi ya je wurin ɗan kasuwa. Idan aka ba shi buhun hatsi ɗaya a kan ya mayar da biyu da kaka, wannan kuɗin ruwa ne tsantsa, babu saɓani a kai. Ba banza ba talakawa suka raɗa wa irin wannan bashi suna a-ci-ba-daɗi. Amma idan ɗan kasuwa ya ba da kuɗi yanzu a matsayin farashin hatsin da za a kawo masa da kaka, wannan wani ciniki ne da shari'a ta sani, sunansa salam. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yin sa a kan dabino, bai hana su ba, ya dai umurce su da sanin mudu da nauyi da lokaci. Malaman Malikiyya suka yi bayanin sharuɗɗansa: a biya kuɗin gaba ɗaya a wurin ƙulla ciniki, jinkirin da aka yi rangwame a kansa bai wuce kwana 3 ba, a ambaci irin hatsin da yawan tiyoyinsa, a yanka lokacin bayarwa, kada a ɗaure cinikin ga amfanin wata gona ita kaɗai. Idan kaka ta zo manomi ya kasa, mai kuɗi ya jira ko ya karɓi uwar kuɗinsa, ba shi da ikon cewa buhu ɗaya ya zama biyu baɗi. Muna kuma tunatar da attajiranmu cewa cika sharuɗɗa a baki ba ya wanke wanda ya ga ɗan'uwansa cikin yunwa ya saye masa buhu a kan rabin kimarsa.

Haka nan jinginar gona, wadda ta yi yawa a fadamu. Jingina halal ce. Annabi ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Abin da bai halatta ba shi ne mai ba da rance ya shiga garkar yana nomawa yana kwasar albasa shekara da shekaru, bashinsa kuma yana nan bai ragu da dala ba. Wannan albasa ita ce kuɗin ruwan.

Daga jingina aka samo wata dabara mai amfani wadda furojen FAO na kayan noma ya yaɗa a Nijar wajen 1999. Manoma su tara hatsi ko wake a mangaza da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, a rufe da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun asusu. Asusu ya ba su bashin da bai kai kimar kayan ba, su yi noman rani ko kiwon rago da shi, su biya bayan watanni, a buɗe mangaza lokacin da hatsi ya yi daraja. Jinginar daidai take, kuɗin hayar mangaza da na mai gadi da na maganin ƙwari su ma daidai suke, domin ladan aiki ne. Inda ake tsayawa a duba shi ne ƙarin da ake lissafawa a kan bashin wata-wata. Albasa kuwa ba ta jure mangaza kamar hatsi. Wanda ya zuba ta a rudu ya san yadda take raguwa, don haka kada ya ci bashi a kan lissafin buhunan da ya zuba.

Sai asusu mai rajista. Wajibi ne mu san lissafinsa ko da ba za mu karɓa ba. Daga 1 ga Janairu 2014 hukumomin kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suka saukar da iyakar kuɗin ruwan ƙananan asusai daga kashi 27 zuwa kashi 24 cikin 100 a shekara, wato kashi 2 a wata. Misali, wanda ya karɓi sefa 100.000 na wata 6 a kan wannan iyaka, ya biya gaba ɗaya a ƙarshe, ƙarin 12.000 ne a kansa, ko albasa ta yi kuɗi ko ta faɗi. Wannan ya fi na mai kuɗin gari sauƙi nesa ba kusa ba, kuma adalci ne mu faɗi haka. Amma halaccin doka dabam, halaccin shari'a dabam.

Shin ke nan Musulmi ya juya wa asusu baya? Ba mu ce haka ba. Asusun haɗin gwiwa na 'ya'yansa ne: su ke zuba hannun jari, su ke zaɓen shugabanni a babban taro, kowane mutum da ƙuri'a ɗaya. A 2018 babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idojin da suka ba bankuna da ƙananan asusai damar gudanar da harkar kuɗi ta Musulunci, ko gaba ɗaya ko ta wani sashe na dabam. Ƙofa ta buɗe ta fuskar doka. Abin da ya rage shi ne 'ya'yan asusu su halarci taro su nema, maimakon su yi gunaguni a gindin bishiya.

Abin da za a nema shi ne murabaha: asusu ya sayi injin ban-ruwa ko keken ɗinki, ya mallake shi, ya sayar maka da amfani sananne, ka biya kashi-kashi. A nan akwai tsantseni. Malaman Malikiyya na da sun tsananta a kan wanda zai ce wa mai kuɗi saya mini kaza da goma hannu, ni kuma in saya daga gare ka da sha biyu bashi, domin sun ga rance ne aka lulluɓe da rigar ciniki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta murabaha da sharaɗin kayan su shiga mallakar mai sayarwa da hannunsa, hasarar su ta zama tasa kafin ya miƙa. Saboda haka, idan aka miƙo maka tsabar kuɗi aka ce je ka saya da kanka, aka rubuta murabaha a takarda, ka tambaya: yaushe injin ya zama nasu? Ka kuma tambayi abin da zai faru in ka yi jinkiri, domin farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa da ƙaruwar kwanaki.

Akwai kuma ƙiradi, wanda Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ware wa babi guda, kuma shi ne ya fi dacewa da 'yan ci-raninmu masu aiko kuɗi gida. Ɗaya ya kawo tsabar kuɗi, ɗaya ya kawo ƙarfinsa da saninsa, a raba amfani bisa kaso sananne, rabi ko sulusi. In aka yi hasara ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Wanda ya ce ga jika ɗari, kowane wata ka kawo mini biyar, uwar kuɗina kuma tana wuyanka, bai yi ƙiradi ba, ko ƙaninsa ne ya ba.

Masallaci ma yana da rawar takawa. A birnin Lahor na Pakistan, Dakta Amjad Saqib ya kafa ƙungiyar Akhuwat a 2001, tana ba da rance marar kuɗin ruwa, kuma a cikin masallatai take raba shi, a gaban jama'a. Mazhabarmu ta yarda a yi waƙafin tsabar kuɗi domin a riƙa ranta wa mabukata suna mayarwa. Jama'ar masallacin Juma'a guda za su iya fara irin wannan da sadakar kaka, in sun naɗa amintattu uku da littafi guda. Kada dai a haɗa shi da zakka, domin zakka mallaka wa mabukaci ake yi, ba ranta masa ba.

Ko wace ƙofa aka bi, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yau muna jin kunyar ce wa ɗan'uwa kawo takarda. A rubuta uwar kuɗi, da ranar biya, da abin da aka jinginar, da sunayen shaidu biyu. Wanda bai iya faransanci ba ya tafi da wanda zai karanta masa takardar asusu layi-layi, ya nemi ganin shaidar izinin asusun daga ma'aikatar kuɗi kafin ya ajiye ko dala, ya kuma karɓi rasit a duk biyan da ya yi. Wanda aka nema ya tsaya wa wani, ko ya shiga rukunin da ke lamunin juna, ya sani cewa in abokinsa ya kasa, shi za a bi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu ɗauki hukuncin wanda lokacin biya ya riske shi hannunsa babu kome. Allah ne mafi sani.