Tsakanin Yanka da Ɗauri: Yadda Yanayi Ke Gyara Harawa ko Ya Ɓata Ta



Ni malamin gona ne a ɓangaren kiwon dabbobi, kuma mafi yawan aikina a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zariya nake yin sa. Duk shekara idan bazara ta kama, koken da nake ji iri ɗaya ne: tumaki sun rame, saniya ta janye nono, maraƙi ba kuzari, alhali ga harawa jibge a kan rumfa. Idan na sa hannu na zaro dami, sai in ga dalilin a fili. Ko dai ta yi baƙi tana warin fumfuna, ko ta yi fari fat, ganyen ya kakkaɓe, sai jijiya zalla. Ramar da ake gani a watan Afrilu, tun watan Oktoba aka jawo ta, a cikin 'yan kwanakin da ke tsakanin yanka da ɗauri. A kan waɗannan kwanaki nake so mu yi magana, domin su ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Amfanin harawa a ganye yake. A nan sinadarin gina jiki ya fi taruwa, a nan kuma ɗanɗanon da ke jan dabba yake. Ɗanyar ciyawa ko ɗanyen ganyen wake, kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma ba zai ajiyu ba sai ruwan ya sauko zuwa kimanin kashi 15. Ke nan aikin mai harawa shi ne ya raba ganye da ruwansa da sauri, ba tare da ya rasa ganyen ba. Rana da iska su ne ma'aikatansa a wannan aiki, ruwan sama da raɓa kuma su ne masu warware masa shi. Wanda bai karanci waɗannan huɗun ba, zai yi ta wahalar yanka da ɗauka, a ƙarshe ya tara abin da bai fi kara ba.

Mu fara da ciyawar daji, irin su kyasuwa da gamba da harƙiya. Lokacin da ciyawa ta fi amfani shi ne dab da za ta fitar da kai, wato wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba a yankinmu. To amma wannan shi ne lokacin marka, sama a rufe, iska cike da laima, sai a kwana uku ba a ga rana sosai ba. Wanda ya yanka a lokacin, ciyawa ta ruɓe masa a ƙasa. Shi ya sa mutane da yawa suke jira sai ruwa ya ɗauke sarai, Nuwamba ta shigo, sannan su ɗauki lauje. A lokacin kuwa ciyawa ta riga ta zubar da iri, ta mayar da ƙarfinta saiwa, ta koma tsinke. Dabba mai tuƙa tana bukatar abincin da sinadarin gina jikinsa ya kai kimanin kashi 7 cikin ɗari kafin tumbinta ya yi aiki yadda ya kamata, ita kuwa ciyawar da ta bushe a tsaye takan sauka ƙasa da kashi 4. Dabba za ta ci ta cika ciki, amma tana ci tana ramewa.

Mafita tana tsakiya. Daga tsakiyar Satumba ruwa yakan fara yin tazara, a sami kwana biyu ko uku na rana mai ƙarfi tsakanin hadari da hadari. Wannan tazara ita ce lokacin yankan ciyawa. A yanka da hantsi bayan raɓa ta kaɗe, a baza ta ba mai kauri ba, a juya ta da azahar, a tattara ta kafin magariba. A yanki iya abin da za a iya kwashewa cikin gaggawa idan gabas ta haɗa, kada a kwantar da fili guda a rana ɗaya. Wanda kuma yake da ciyawa mai yawa a tsakiyar marka, yana iya daddatsa ta bayan ta ɗan yi yaushi, ya danƙare ta a rami ko a buhun leda mai kauri, ya toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan 'yan makonni za ta yi tsami mai daɗi, ta ajiyu har rani, ba ta bukaci rana ba.

Sai harawar gyaɗa da ta wake, waɗanda su ne jarin mai turka. Babban abin da ke cinye su shi ne ruwan ƙarshe, wanda ke saukowa bayan kowa ya sakankance damina ta tafi. Manomi ya cire gyaɗa ya jera ta a kan kunya, ya koma girbin gero ko yankan shinkafa, sai hadari ya taso da dare. Ruwan da ya sauka a kan harawar da aka yanka yau, ɓarnarsa kaɗan ce, domin ganyen yana da sauran rai. Wanda ya sauka a kan wadda ta kusa bushewa shi ne mai illa: yana wanke zaƙin ganyen ya tafi da shi ƙasa, ganyen ya yi baƙi, da an taɓa shi ya zube. Idan aka bar ta kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, fumfuna ta kama ta daga ƙasa, gara ta biyo baya.

Abin da nake nuna wa manoma a nan ba ya bukatar kuɗi. A ɗaga harawa daga ƙasa. A kafa itace uku a haɗa kawunansu a sama, a gicciya wasu a tsakiya, a rataya harawar a kai ta yi tsini, ciki ya zama a buɗe iska tana ratsawa. Ruwa in ya zo sai ya zurare ta gefe. Ita gyaɗa, a kifa ta 'ya'yan suna sama, domin su ma su bushe da wuri. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar da ake kira afulatokzin. Ragowar 'ya'yan da ke maƙale a harawa dabba za ta ci, gubar kuma tana iya bi ta cikin nono ta kai ga yaran gida.

Akwai kuma ɓarnar da yanayi ke yi tun shuka tana tsaye. Shekarar da laima ta yi yawa, cutar ɗigon ganye takan kama gyaɗa, ganyen ya zube tun kafin cira, manomi ya sami 'ya'ya amma harawa ba auki. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri kuma, wake mai yaɗo irin Kanannado, wanda sai rana ta fara gajarta yake fure kuma da sauran laimar ƙasa yake ƙarasawa, sai ya tsumbure. Shi ya sa zaɓen iri da ranar shuka suna cikin aikin harawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da ire-iren gyaɗa masu saurin nuna, irin su SAMNUT 24 da ke isa cira a kimanin kwana 90. Iri ne mai kyau, amma wanda ya shuka shi da ruwan farko a watan Yuni, zai cire shi ne a Satumba ana tsaka da ruwa. Mai son harawa ya yi lissafinsa daga baya: yaushe ruwa ya saba ɗaukewa a garinmu, sai ya ƙirgo kwanakin irin ya san ranar shuka, ko kuma ya tanadi wurin shanya mai rufi tun kafin cira.

Idan ruwa ya ɗauke, ba a tsira ba tukuna. Da yawa suna ganin gwargwadon daɗewar harawa a rana, gwargwadon kyanta. Rana tana busarwa, amma idan ta wuce kima tana kashe koren ganye, kuma a cikin koren nan ne abin da jikin dabba ke mayarwa bitamin A yake, wanda ido da haihuwa ke bukata. Kwana biyu zuwa huɗu na rana mai kyau sukan isa, sauran bushewar a inuwa ya fi. Da iskar hunturu ta juyo daga arewa maso gabas, sai laima ta ƙare a sama, ganyen wake ya riƙa karyewa da taɓawa kaɗan. Na sha tsayawa a gona da rana tsaka ina kallon ana loda harawa a amalanke, ganyen yana ta zuba a bayanta har bakin gari. Abin da ya isa gida jijiya ce, abincin yana kan hanya. Raɓar da take ɓarna wajen shanya, a nan taimako take yi: a ɗaure harawa kuma a ɗauko ta da sassafe, lokacin da sanyin dare ya sa ganyen ya yi laushi amma bai jiƙe ba. A shimfiɗa tamfol ko buhu a inda ake lodi da saukewa, ganyen da ya zube a tattara shi a buhu, domin shi ne mafi tsada a cikin kayan.

Ta yaya za a gane ta isa ɗauri? A ɗebi cikin hannu daga tsakiyar tsibi, ba daga sama ba, a murɗa. Idan an ji sanyi ko danshi a tafin hannu, ko farce ya iya saɓule fatar jijiyar, da saura. Idan jijiyar ta karye bayan an ɗan murɗa, ganyen kuma bai zama gari ba, ta yi. Kada gudun hadari ya sa a jibge ta da ɗanyenta. Harawar da aka tara da laima tana ɗaukar zafi daga ciki, ta canza launi, ta yi ƙura mai sa dawaki da mutane tari, wani lokaci ma zafin ya kai ga tayar da wuta ba wanda ya ƙyasta ashana. A makonnin farko bayan an tara ta, a riƙa soka ƙarfe cikin tsibin, a bar shi ɗan lokaci, a zaro. Idan hannu ba zai iya riƙe shi ba, a tanadi ruwa a kusa, a baje ta a hankali ta sha iska.

Wurin ajiya ma yanayi yana binsa. Ɗora harawa a kan bishiya ko rufin soro yana tsare ta daga gara da awaki, amma yana barin ta a hannun rana da ƙurar hazo wata biyar ko shida, sannan ruwan farko na bazara ya same ta a lokacin da aka fi bukatarta. A yi mata rumfa mai rufin zana ko kwano, ƙasanta a ɗage, gefenta a buɗe. Idan da tamfol za a rufe, a rufe sama kawai, kada a naɗe ta ruf, domin gumin da zai taru a ciki zai yi ɓarnar da ake gudu. A kuma share kewayen wurin, saboda gobarar hunturu.

Game da sanin abin da sama za ta yi, iyayenmu suna da alamominsu na juyawar iska da yawan raɓa, kuma har yanzu suna da amfani. Sai dai damina ta rage tsayawa a kan ƙa'idar da aka san ta da ita. Mun ga yadda ruwan 2024 ya yi yawa a arewacin Najeriya da Nijar, har madatsar Alau ta fashe Maiduguri ta cika da ruwa a watan Satumba, watan da ake shirin fara yanka. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, tana kuma fitar da hasashen kwana uku-uku. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yin irin wannan aiki domin ƙasashen Sahel. Kafin a sa lauje, a saurari rediyo, ko a sa yaro ya duba a waya, a haɗa da abin da ido ya gani.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta ƙara nauyi a waɗannan shekaru. Babbar Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara. A 2024 ta faɗo a tsakiyar Yuni, a 2025 kuma a farkonsa, yanzu ta nufi tsakiyar bazara. Ma'ana, ragon da za a kai kasuwar Wudil ko Maigatari a shekaru masu zuwa, ba zai ga ɗanyar ciyawa ba daga ɗauri har sayarwa. Da harawar kaka za a gina shi, a daidai lokacin da ta fi tsada. Wanda nasa damin yake kore, mai ganye, mai ƙamshi, shi zai rage sayen dusa, kuma idan ya yi rara, masu saye har gida za su same shi.

Saboda haka ina roƙon kowane magidanci ya sa harawa a lissafin amfanin gona tun ranar shuka, ya ware mata ranakun aikinta da hannun da zai yi shi, kamar yadda yake ware wa gero da dawa. Mata masu kiwon awaki a cikin gida su duba damin da ake kawo musu, su tambayi yadda aka shanya shi. Wanda ya karanta wannan kuma ya isar wa maƙwabcinsa da bai samu karantawa ba, tun kafin kaka ta ƙaraso. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa albarka a kiwonmu.