Gonar Makaranta da Shugabancin Ɗalibai: Darasi Daga Mubi

Garin Mubi, wanda ke gindin duwatsun Mandara a bakin kogin Yedzeram, ya haɗa abubuwa uku da ba kasafai ake samun su wuri guda ba. Akwai ƙasar noma da ke ba da dawa da masara da gyaɗa da wake. Akwai kasuwar shanu wadda fatake ke kawo mata dabbobi daga Kamaru da Cadi, ake kuma lodin su zuwa kudancin Nijeriya. Sannan akwai manyan makarantu, watau Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta tare a garin cikin 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka buɗe cikin 2002, kuma dukansu biyu suna koyar da aikin gona da kiwo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta sada waɗannan ukun, ta yadda ɗalibi zai fita makaranta ya san noma a matsayin sana'a mai jari da riba da hasara.

Ba yau gwamnatoci suka fara neman jawo samari zuwa gona ba. Cikin 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, inda aka riƙa tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka lokacin dogon hutu. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma cikin 1980, kana tsarin ilmi na 6-3-3-4 ya sanya aikin gona cikin darussan ƙananan makarantun sakandare. Amma a makarantu da yawa gona ta zama wurin horon mai laifi. Yaron da ya makara shi ake miƙa wa fartanya, amfanin da aka girbe kuwa ba ya sanin inda ya shiga. Wanda ya tashi a haka, da wuya ya ɗauki noma abin alfahari.

Amurka ta bi wata hanya dabam. Cikin 1917 ta yi dokar da ta ware kuɗin koyar da aikin gona a makarantun sakandare, cikin 1928 kuma aka kafa ƙungiyar manoman gobe, wadda ake kira FFA, a birnin Kansas. Tsarin ya tsaya bisa duwatsun murhu uku: karatu a aji, da ɗan aikin noma ko kiwo da kowane ɗalibi ke gudanarwa da kansa yana rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, da ƙungiyar da ɗalibai ke zaɓen shugabanninta su tafiyar da taronta. Ƙungiyoyin samarin manoma da aka sani a makarantun Nijeriya sun ɗauki sashe na farko da ɗan wani abu na uku, suka bar na tsakiya, alhali shi ne ya fi shafar ɗan kasuwa.

Littafin lissafi shi ne farkon darasi. A ɗauki kadada ɗaya ta masara, watau murabba'in mita 10,000. Idan aka bar tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin shuka da shuka, za a sami tushe kimanin 53,000. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi ya san yawan irin da zai saya tun kafin ya taka kasuwa. Haka batun taki yake. Buhun NPK 15-15-15 mai nauyin kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na sinadarin naitirojin, shi kuwa buhun yuriya mai nauyi ɗaya yana ɗauke da kilo 23. Saboda haka kwatanta farashin buhu da buhu kawai yaudarar kai ne, sai an duba abin da ke cikinsa da abin da ƙasar ke bukata. Bugu da ƙari, wajibi ne a rubuta ladan aikin da ɗalibai suka yi da hannunsu kamar an biya ɗan ƙodago. In ba haka ba, gonar za ta nuna ribar da ba ta da ita, ɗalibin kuma sai ya ci karo da gaskiya ranar da ya fara noman kansa.

Daga nan sai shugabanci. Ƙungiya tana bukatar shugaba da magatakarda da ma'aji da mai kula da rumbu, kowanne da wa'adin shekara guda. Kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da mabuɗin rumbu tare. Kada a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu, malamin gona kuwa ya tsaya matsayin mai ba da shawara da binciken littafi a ƙarshen kowane zango. Waɗannan ƙa'idodi ne da kowace ƙungiyar gama-kai ke aiki da su, kuma su bankuna ke fara tambaya. A gari irin Mubi, inda Fali da Gude da Margi da Higi da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista, ke zama aji ɗaya, zaɓen ɗalibai ba wasan yara ba ne. Mutanen garin ba su manta daren 1 ga Oktoba 2012 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 20 a unguwar Wuro Patuji, akasarinsu ɗalibai, kwanaki kaɗan bayan zaɓen ƙungiyar ɗalibai, kuma rikicin zaɓen na daga cikin abubuwan da 'yan sanda suka bincika. Shekara biyu bayan haka, a ƙarshen Oktoba 2014, Boko Haram ta mamaye garin, makarantu da kasuwa suka watse, kafin a ƙwato shi cikin Nuwamba. Ƙungiyar gona tana da wata fa'ida a nan, domin buhunan da aka auna su ke nuna shugaban da ya yi aiki, ma'auni kuwa bai san ƙabilar kowa ba.

To, ina ribar ɗan kasuwa? Dillalin hatsi yana iya ba ƙungiya iri da taki bashi, bisa yarjejeniyar za ta sayar masa da amfanin a kaka kan farashin kasuwa na ranar. Ya fi kyau a rubuta haka a takarda, don yanke farashi tun damina shi ke haddasa saɓa alkawari idan kaya suka tashi. Kazalika yana iya sayen wake ya ba su ajiya cikin buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba, a fitar da shi bazara. Dangane da rance, asusun lamunin noma da aka kafa cikin 1977 ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya yana ɗaukar nauyin har kashi 75 cikin 100 na bashin da ya maƙale. Sai dai banki ba ya sauraron ƙungiyar da ba ta da rajista da littafin shekara biyu ko uku da za ta nuna.

Sana'ar da ta fi dacewa da Mubi ita ce turkar raguna da bijimai, ganin kasuwa na kusa kuma kuɗi na juyawa cikin wata uku zuwa huɗu. A nan ma lissafin ne ke raba riba da hasara. Babbar Salla tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: ta faɗo 28 ga Yuni cikin 2023, 16 ga Yuni cikin 2024, da 6 ga Yuni cikin 2025. Ke nan a waɗannan shekaru turka ta kama daga Fabrairu ko Maris, tsakiyar rani, lokacin da harawa da ƙowa da dusa suka fi tsada. Ƙungiyar da ma'ajinta ya sayi abincin dabbobi tun Nuwamba ya jibge a rumbu, ita za ta iya sayar da ragonta da rangwame ta kuma fita da riba. Ɗan kasuwar da ke niyyar zuba jari a irin wannan turka, watan Oktoba ya kamata ya nemi shugabannin ƙungiyar su zauna, kafin a fara roron wake.