Gudun Mota a Cikin Gari: Kira ga Mutanen Danchadi

Da can, rana na yin sanyi sai yara maza su fito ƙofar gida su kama langa, 'yan mata su yi ta gaɗa a dandali har bayan isha'i. Kada ku raina wannan. Yaron da ke guje-guje ƙashinsa na yin ƙwari, ya ci tuwonsa da daɗi, ya yi barci mai nauyi. Yau gudun 'yan kabu-kabu da motocin haya ya sa iyaye fargaba.

An sha bamban a kan maganin abin. Direba ya ce fetur ya yi tsada, in bai taka wuta ba, ba zai yi sawu biyu zuwa Sakkwato ba. Dattijo ya ce a tsare yara a gida. Uwa kuwa ta san ba a ɗaure yaro a turke kamar akuya: dole ya je makarantar allo, dole a aike shi niƙa.

To, ga lissafi. Dokar hanya ta Najeriya ta yarda da kilomita 50 a awa a cikin gari. A wannan gudu mota na cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya, tun direba bai kai ƙafa kan birki ba. Mai gudun 30 kuwa mita 8 za ta ci. Tazarar nan ita ce ran yaron da ya biyo ƙwallonsa kan titi. Direba fa, me ya rasa? Daƙiƙa 48 kacal a kilomita guda, ko cinikin goro ya fi haka daɗewa. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Istokham ta ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a tsaya kan 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya.

Sai dai kada kowa ya tara ƙasa a titi da kansa don rage gudun mota, domin tudun da ba alama yakan kā da mai babur da dare. Hakimai da limamai da shugabannin tasha na Bodinga da Shagari, ku je wa ƙananan hukumominku da Hukumar Kiyaye Haɗurra da murya ɗaya, a yi tudun rage gudu mai fenti a ƙofar kowace makaranta da kasuwa.