Haɗa Bayanan Kamfani A Kan Na'urori Masu Yawa: Inda Riba Take Da Inda Asara Take

Duk kamfanin da ya bunƙasa yakan wayi gari bayanansa sun warwatsu: lissafin ciniki a wuri guda, na albashi a wani, na kayan sito kuma a wani dabam. Aikin haɗa bayanai shi ne a kwaso su daga waɗannan wurare, a tace su, a daidaita tsarinsu, sannan a zuba su cikin rumbu guda. Bankunan Nijeriya sun ɗanɗana nauyin wannan aiki a shekarar 2005, lokacin da bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, ya zama tilas a haɗe kundayen masu ajiya na bankunan da suka haɗu.

Idan bayanai suka yi wa kwamfuta ɗaya yawa, akan koma ga tsarin da ake kira MPP a taƙaice, inda na'urori da dama ke ɗaukar aiki guda a lokaci guda, kowace da ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta. Kamfanin Teradata na Amurka, wanda aka kafa a 1979, yana cikin waɗanda suka fara sayar da irin wannan tsari, kuma a kansa ne rumbun bayanan kantunan Walmart ya kai terabayit ɗaya a 1992. A yau ana hayar irinsa ta intanet, kamar Redshift na kamfanin Amazon.

Sai dai yawan na'urori ba ya tabbatar da sauri. Tun a 1967 masanin kwamfuta Gene Amdahl ya nuna cewa ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ne ke yanke iyakar saurin. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki dole na'ura ɗaya ta yi shi, to ko an jera na'urori 100, saurin zai ninka kimanin sau tara ne kawai.

Matsala ta biyu ita ce rashin daidaiton rabo. A misali, banki mai bayanai miliyan 100 da na'urori 20 ya kamata kowace ta ɗauki miliyan biyar. Idan aka raba bisa ga jiha, na'urar da Legas ta faɗo wa za ta yi ta fama bayan sauran sun gama, kamar leburan da ke loda tirela: mota ba ta tashi sai na ƙarshe ya ɗora buhunsa. Rabo bisa lambar asusu ya fi daidaita kaya.

Har ila yau, jigilar bayanai tsakanin na'urori tana cin lokaci. Idan kundin masu ajiya da na hada-hadarsu aka raba su da lamba iri ɗaya, kowace na'ura za ta haɗa nata ba tare da neman na maƙwabciyarta ba. Saboda haka ne ma'aikata da yawa suka gwammace su fara zuba ɗanyen bayanai cikin rumbun, sannan a tace su a can.

Kafin mai kamfani ya amince da ƙarin kuɗin na'urori, ya dace ya tambayi injiniyoyinsa abubuwa uku: da wace lamba aka raba bayanan, wane ɓangare na aikin ne ba ya rabuwa, kuma wace na'ura ce ke gamawa a ƙarshe. Sau da yawa gyaran rabo ya fi sayen sabbin na'urori arha.