Koci, Kafin Ka Sa Hannu, Tambayi Haraji

Duk wanda ya saba bi ta Tukur-Tukur bayan la'asar ya san yadda filayen makarantu ke cika da samari da ƙwallo, tun daga Kwalejin Barewa, wadda aka dawo da ita Zariya a 1949, har zuwa ƙananan filayen unguwa. A bakin kowane fili akwai mutum guda mai usur a wuya, shi ne koci. A da aikin sa kai ne, malamin motsa jiki ke haɗa shi da darasinsa. Yanzu kuwa ya zama sana'a mai takardar shaida da kwantaragi da albashi, kuma duk inda albashi ya shiga, haraji na biye da shi. Wannan takarda domin masu wannan sana'a aka rubuta ta, da iyayen da 'ya'yansu ke shirin shigarta.

Bari mu fara da Amurka, domin can ne maganar ta fi girma. Jami'o'insu suna da wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, amma ya fi kama da zari-ruga, kuma a jihohi da yawa kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. A ƙasar, ma'aikaci na biyan haraji ga gwamnatin tarayya, wanda mafi tsananinsa kashi 37 cikin ɗari ne, sannan jiha ta zo ta yanki nata. Kowace jiha ita ke tsara wa kanta abin da za ta karɓa. Kalifoniya tana ɗaukar har kashi 13.3 cikin ɗari daga masu babban samu. Tekzas da Fulorida da Tenesi da Nebada ba sa karɓar ko sisi daga albashi. To, sai mai karatu ya yi lissafi da kansa. Idan jami'o'i biyu suka yi wa koci tayin dala miliyan goma a shekara, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Tekzas, a takarda tayin ɗaya ne, amma wanda ya tafi Kalifoniya zai bar wa jiha fiye da dala miliyan guda kowace shekara. Shi ya sa wakilan koci-koci ba sa zama ciniki sai da akawu a gefe, kuma jami'ar da ke jiha mai haraji takan ƙara kuɗi don ta cike giɓin.

Amma kada a ɗauka haraji ne ke jan akalar kowa. A ƙarshen 2021 koci Lincoln Riley ya bar Jami'ar Oklahoma, inda harajin jiha bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, ya koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato da ƙafarsa ya shiga inda aka fi yanka. Jimbo Fisher kuma, da ya tashi daga Fulorida a 2017 ya karɓi kwantaragin shekara goma na dala miliyan 75 a Jami'ar Texas A&M, daga jiha marar haraji ya koma wata marar haraji, don haka ba harajin jiha ya tashe shi ba. Sunan makaranta, da irin yaran da za a iya ɗauka, da fatan cin kofi, su ma suna kan sikeli. Haraji awo ɗaya ne cikin awo da yawa, sai dai shi ne wanda mai gaggawa ya fi mantawa da shi.

Mu dawo gida. Hausawa ba baƙin wannan lissafi ba ne. A zamanin En'e talaka kan bar garinsu idan kuɗin ƙasa ya yi masa nauyi, makiyayi kan kora shanu ya ƙetare iyaka lokacin ƙidayar jangali. Dattawa suna tune da 1979, shekarar da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Har a harajin albashi, a zamanin jihohin nan na Arewa da Yamma da Gabas kowace tana da nata ma'auni, sai a 1975 gwamnatin soja ta daidaita shi a duk ƙasa.

Wannan daidaitawa ita ce abin da ya kamata koci ya fahimta sosai, don nan ne muka sha bamban da Amurka. A Nijeriya dokar harajin albashi ta tarayya ce, ma'auninta ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba, jihohi karɓa kawai suke yi. A sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a samun shekara ba haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Misali, kocin wata kwaleji wanda, bayan an fitar da kuɗin fansho da sauran rangwame, abin da ya rage masa a shekara naira miliyan 3 ne. A ware 800,000, saura miliyan 2.2. Kashi 15 na wannan shi ne naira 330,000 a shekara, wato 27,500 a wata. Ko a Zariya yake, ko a Kano, ko a Uyo, adadin bai canzawa. Mutum kamar Abdu Maikaba, wanda ya horar da Wikki Tourists a Bauchi, da Akwa United a Uyo inda ya ci kofin ƙalubale a 2017, da Plateau United a Jos, da Rangers a Inugu, da Kano Pillars, duk yawon nan a ƙarƙashin ma'auni guda ya yi shi. Saboda haka idan wani dillali ya ce maka, "Koci, zo jiharmu, harajinmu da sauƙi," ko dai bai san doka ba, ko kuma yana nufin ba sa kai kuɗin inda ya kamata, kuma wannan ta biyun ita ta fi haɗari.

Abin da ke canzawa shi ne jihar da kuɗin ke shiga asusunta. Doka ba ta duba garin da aka haife ka, ba ta duba inda hedikwatar mai ɗaukarka aiki take, inda kake kwana take dubawa. Mai aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ma'aikacin tarayya ne, amma tunda a Samaru ko Tukur-Tukur yake zaune, harajinsa na hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna ne. Mai zama a Suleja yana aiki a Abuja, na Jihar Neja ne. Koci kuwa mutum ne mai yawan ƙaura, kakar bana nan, ta baɗi can, iyali a wani gari shi a wani. Idan bai kula ba, sai jihohi biyu su yi ta neman sa, ko kuma ya wayi gari babu wadda ta san da shi.

Ga kuma matsalar da ta fi damun mutanenmu. Ana yanke haraji daga albashi tun kafin ya iso hannu, kuma wajibi ne mai biyan albashin ya miƙa shi ga hukuma cikin kwana goma na farkon wata mai zuwa. Ba kowa ke yin haka ba. Ma'aikaci na ganin an cire a takardar albashi, yana zaton ya fita, sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke duba shekara uku baya, don neman fili ko kwangila ko tsayawa takara, a buɗe littafi a ce babu sunansa. A ganina, a ƙasar nan wannan ya fi bambancin kashi biyu ko uku muhimmanci, balle a haɗa da bashin albashi na watanni da ya zama ruwan dare a ƙungiyoyin da gwamnatoci ke riƙe da su. Albashin naira dubu ɗari biyar da ake biya sau bakwai a shekara bai kai na dubu ɗari uku da hamsin da ke zuwa kowane wata ba.

Wanda kuma ya samu tayi daga waje, lissafinsa dabam ne. Saudiyya ba ta karɓar haraji daga albashi, yana cikin abin da ke jan 'yan wasa da masu horarwa can. A ƙasashen Turai da yawa abin da ake yanka wa mai babban albashi kan doshi rabi. Don haka tambayar farko ita ce, adadin da aka rubuta a kwantaragi kafin a cire haraji ne, ko bayan an cire? A rubuta amsar ɓaro-ɓaro, a kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyin biya.

A gida ma haka. Kafin koci ya sa hannu, ya nemi a rubuta masa albashinsa gaba ɗaya da abin da zai rage bayan yanka, a fayyace ko kuɗin sa hannu da ladan cin wasa suna ciki, domin su ma samu ne a idon doka. Ya mallaki lambarsa ta biyan haraji, ya ba mai biyan albashi adireshin inda yake zaune da gaske. Idan gidan haya yake, ya adana rasit, don sabuwar doka ta yi rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, sai dai rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba, kuma ba a ba wanda bai gabatar da shaida ba. A farkon kowace shekara ya taka da kansa zuwa ofishin haraji na yankinsa, ya ce a nuna masa abin da aka shigar da sunansa a bara.